Jimamin Rio Ferdinand: nazari kan yadda namiji ke haɗiye rashi da abin da horon halarto da hankali zai iya yi masa

A daren 1 ga Mayu, 2015, Rebecca, matar tsohon mai tsaron bayan Manchester United, Rio Ferdinand, ta rasu a asibitin Royal Marsden da ke Landan tana da shekara 34, bayan sankarar mama da aka yi mata magani a 2013 ta sake tasowa ta bazu a jikinta cikin 'yan makonni. Ta bar masa yara uku, maza biyu da mace ɗaya, babbansu bai cika shekara 10 ba, 'yar autar kuwa shekararta 4. Ranar 30 ga wannan watan na Mayu ya sanar da cewa ya daina buga ƙwallo. Ke nan kafin wata guda ya cika, mutumin ya rabu da abokiyar zamansa, ya kuma rabu da sana'ar da ta riƙa tsara masa lokacin tashi, da na cin abinci, da na barci tun yana saurayi.

Duk wanda ya zauna a gidan kallon ƙwallo a Kano ko Maraɗi a zamanin Alex Ferguson ya san wannan dogon mutum mai sanyin jiki a tsakiyar baya, wanda United ta saya daga Leeds a 2002 kan kusan fam miliyan 30, ya ci gasar Firimiya sau 6, ya kuma ɗaura ƙyallen kyaftin a daren da suka doke Chelsea a Mosko suka ɗauki Kofin Zakarun Turai a 2008. Amma abin da ya sa lamarinsa ya cancanci nazari shi ne, shi da bakinsa, a wani shiri da BBC ta nuna a Maris 2017 da kuma hirarrakin da suka biyo baya, ya faɗi abubuwan da yawancin maza ke shiga kabari da su a ciki. Duk abin da za a kawo a nan game da halin da ya shiga, daga abin da ya bayyana wa duniya ne.

Ya taso a Peckham, unguwar marasa ƙarfi a kudancin Landan, daga nan ya shiga ɗakin canza kayan 'yan ƙwallo, wurin da nuna rauni ke iya jawo wa mutum ba'a ko ma rasa gurbinsa. A irin wannan rayuwa kuma ana yi wa ɗan wasa komai: a wanke masa kaya a jera masa, a shirya masa tafiya, idan ya ji ciwo ya kira likitan ƙungiya. A gida Rebecca ce ke riƙe da sauran. Ya ce a kwanakinta na ƙarshe ta so ta yi masa maganar abin da zai biyo baya idan ta tafi, shi kuwa sai ya riƙa toshe zancen, domin a wurinsa yarda da maganar tamkar amincewa da shan kaye ne tun ba a tashi wasa ba. Daga baya wannan ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi cin ransa.

Safiyar farko da yaran za su koma makaranta bayan rasuwar ta nuna masa girman giɓin. Ya tashi ya rasa ta inda zai fara, lokaci na ƙurewa, yara uku sun zuba masa ido suna jiran ya san abin da mahaifiyarsu ta sani, sai firgici ya kama shi a cikin gidansa har ya shige wani ɗaki ya zauna shi kaɗai. Mutumin da ya buga wa Ingila wasa 81 a gaban dubban jama'a bai san yadda ake tayar da injin wanki ba, bai kuma san yadda ake neman ganin likitan unguwa ba. Da rana yana daurewa saboda yara. Da dare, idan sun yi barci, sai ya sauko ƙasa ya yi ta shan giya, kuma a bisa faɗarsa haka ya yi wata uku zuwa huɗu na farko. Ya ce a da yana ɗaukar masu kashe kansu a matsayin masu son kai, amma a wannan lokaci ya fahimci yadda mutum ke kaiwa can, kuma yaran ne suka riƙe shi. Wannan magana tana da nauyi a ƙasar da kusan uku cikin huɗu na masu kashe kansu maza ne.

Da ya rage shan, sai ya koma ga abu na biyu, wanda ba wanda zai zarge shi a kansa, wato aiki. Ya cika kwanakinsa da sharhin wasanni a talabijin, da harkokin kasuwanci, da na gidauniyarsa, da motsa jiki, ta yadda babu wata sa'a da ta rage masa fayau. Ya amsa cewa da gangan yake yin haka, domin ba ya son zama wuri ɗaya tunani ya same shi, kuma kusan shekara biyu bayan rasuwar yana ganin bai yi jimamin matarsa yadda ya kamata ba.

Ma'anar wannan hali

Masu nazarin jimami sun daɗe da lura da irin wannan. Kenneth Doka da Terry Martin, malamai biyu a Amurka, sun bambanta salo biyu na alhini. Akwai wanda baƙin cikinsa ke fitowa ta hawaye da magana da neman wanda zai saurare shi, akwai kuma wanda nasa ke fitowa ta tunani da aiki, kamar uban da ya rasa ɗa ya tashi ya gyara katangar gida ko ya kafa gidauniya. Sun ce salo na biyu ya fi yawa a cikin maza, amma bai keɓanta da su ba, kuma ba cuta ba ne. A ganina wannan gyara ne mai muhimmanci, domin an yi shekaru ana auna jimamin namiji da ma'aunin hawaye, idan bai yi kuka ba a ce bai damu ba ko kuma ya danne. Matakai biyar ɗin nan da Elisabeth Kübler-Ross ta kawo a 1969, waɗanda mutane ke jerowa kamar tsani, asalinsu daga hirarta da marasa lafiyar da ke jiran ajali ne, kuma masu bincike ba su sami shaidar cewa mai makoki yana hawa su ɗaya bayan ɗaya ba.

Bayanin da ya fi dacewa da lamarin Ferdinand shi ne wanda Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht da ke ƙasar Holan suka gabatar a 1999. A wurinsu, wanda aka yi wa rashi yana da aiki biyu a gabansa: fuskantar rashin kansa, da kewa da tuna baya da kuka, sannan sake gina rayuwa, da koyon girki da biyan kuɗin makaranta da komawa kasuwa. Lafiya tana cikin kai da komo tsakanin biyun, mutum ya ɗan shiga wannan ya huta a wancan. Idan aka ɗora Ferdinand a kan wannan ma'auni, za a ga aikinsa bai zama laifi ba, yara uku ba za su jira uba ya gama kuka kafin su ci abinci ba. Inda matsalar take shi ne ya tare a ɓangare ɗaya ya kulle ƙofar ɗayan, kuma da dare, lokacin da babu aikin da zai fake da shi, sai kwalba ta karɓi gadin ƙofar. Wani binciken da Schut da abokan aikinsa suka wallafa a 1997 ya nuna cewa mazan da matansu suka rasu sun fi amfana da shawarar da ta tura su ga fuskantar abin da ke zuciya, matan kuwa sun fi amfana da wadda ta tura su ga warware matsalolin yau da kullum. Kowa ya ƙaru da abin da bai saba da shi ba.

Jiki ma yana biyan nasa kason. A 1969 likitan ƙwaƙwalwa Colin Murray Parkes da abokansa suka fitar da sakamakon bibiyar maza 4,486 masu shekara 55 zuwa sama waɗanda matansu suka rasu. A wata shida na farko 213 daga cikinsu suka mutu, adadin da ya haura na takwarorinsu masu aure da kashi 40 cikin ɗari, kuma ciwon zuciya ne kan gaba a sanadin.

A nan mai karatu Bahaushe zai ga wani abu da ya sani. Matar da mijinta ya rasu tana da takaba, wata huɗu da kwana goma, lokacin da kowa ya san halin da take ciki, mata na shiga suna fita, ana taya ta zama. Namiji kuwa kwana uku yake yi a kan tabarma a ƙofar gida yana amsa “ya haƙuri” da “haƙuri sai ma'aiki” ko “da godiya”, a naɗe tabarma, ya koma kasuwa, kafin arba'in 'yan uwa sun fara yi masa zancen sabon aure. Ana ce masa ya yi ta maza, ana tuna masa cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Haƙuri da dangana ginshiƙai ne, kuma suna riƙe mutane da yawa, sai dai an cakuɗa su da haɗiyewa, alhali ba abu ɗaya ba ne. Ya tabbata a Buhari cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim ke gargarar mutuwa, har Abdurrahman ɗan Aufu ya tambaye shi ko shi ma yana kuka, ya amsa cewa wannan rahama ce, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi.

Ferdinand ya fara buɗe ƙofar ne ta hanyar zama da maza irinsa. A cikin shirin na BBC ya haɗu da wata ƙungiya ta iyaye maza da matansu suka rasu, ya kuma tattauna da ɗan wasan golf Darren Clarke na Arewacin Ayalan, wanda sankarar mama ta ɗauke matarsa a Agustan 2006, ya kuma fita ya buga gasar Ryder Cup makonni shida bayan haka. Abin da ya fi damunsa shi ne shirun 'ya'yansa maza biyu, har ya gane cewa shirunsa suke kwaikwaya. Daga nan suka samo wata babbar kwalba a gida, kowa ya tuna wani abu game da mahaifiyar sai ya rubuta a takarda ko ya zana ya jefa ciki, lokaci lokaci a zazzage a karanta tare. Ta wannan hanya sunanta ya dawo cikin hirar gidan.

Inda horon halarto da hankali ke shiga

Zama da 'yan uwa a rashi da kwalbar tuna baya suna aiki ne da rana, a gaban mutane. Abin da ya rage shi ne ƙarfe biyun dare, lokacin da mutum ke shi kaɗai da ƙirjinsa, kuma wannan sa'a ce horon halarto da hankali, wato koyon tsayar da hankali a kan abin da ke faruwa a yanzu, ya fi nufa. Asalin dabarar daga zuzzurfan tunanin mabiya addinin Buda ne, amma Jon Kabat-Zinn, masanin kimiyyar halittu, ya cire mata rigar ibada ya shigar da ita asibitin Jami'ar Massachusetts a 1979 don masu fama da ciwo mai naci da matsin rai. Tsarinsa, da aka sani da MBSR, mako takwas ne, ana haɗuwa sau ɗaya a mako na kimanin sa'a biyu da rabi, sannan mutum ya yi atisaye a gida na minti 45 kullum. Daga baya Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale suka haɗa shi da dabarun gyara tunani suka samar da MBCT don hana ciwon damuwa dawowa, kuma a gwajinsu na shekarar 2000 komawar ciwon ta ragu da kusan rabi ga waɗanda ya taɓa kamawa sau uku ko fiye.

Darasin farko yakan ba mutane dariya. Ana miƙa wa kowa ƙwayar zabibi ɗaya, a ce ya dube ta, ya juya ta a yatsa, ya shinshina, ya ɗora a harshe ya dakata kafin ya tauna. Manufar ita ce mutum ya gane yawan abin da yake yi alhali hankalinsa yana wani gari. Daga nan a koma bin jiki gaɓa gaɓa da hankali, tun daga yatsun ƙafa har ƙoƙon kai, sai lura da shigar numfashi da fitarsa, sai kuma abin da ya fi wuya, wato barin tunani mai ciwo ya zo a dube shi ba tare da an kore shi ko an bi shi ba.

A ɗauki irin daren da Ferdinand ya siffanta. Mutum ya farka, ya miƙa hannu gefen gado ya ji wayam, ƙirjinsa ya yi nauyi, maƙogwaro ya ɗaure, sai tunani ya biyo: me ya sa na toshe mata baki lokacin da take son magana? Tsakanin wannan nauyi da saukowa neman kwalba akwai 'yar tazara ta daƙiƙoƙi, wadda wanda bai sami horo ba ba ya ma ganinta. Abin da ake koya masa shi ne ya tsaya a cikin tazarar. A minti na farko ya tambayi kansa me ke faruwa yanzu, ya ambaci abin da sunansa: nauyi a ƙirji, kewa, zargin kai. A na biyu ya mayar da hankali ga numfashinsa kawai. A na uku ya faɗaɗa lura zuwa jikinsa duka, da gadon da yake kai, da shirun gidan. Kewar ba ta tafi ba, kuma ba a yi masa alkawarin za ta tafi ba. Abin da ya samu shi ne shaidar cewa ta taso ta kai ƙololuwa ta sauka, shi kuma yana nan da ransa, kuma wanda ya ga haka sau goma ba ya tsoron dare kamar da.

Akwai wata fa'ida ta biyu wadda ba a cika ambata ba. Mai makoki yakan yi ta saƙa da warwara a kan “da na sani”, da na kai ta asibiti da wuri, da na saurare ta, yana ganin kamar fuskantar rashin yake yi. Stroebe da wasu abokan bincikenta sun kawo hujjar cewa wannan nanata tunani shi ma wani salon gudu ne, domin muddin mutum yana gardama da abin da ya wuce, bai zauna da gaskiyar cewa ta tafi ba. Horon yana koya masa ya ga “laifina ne” a matsayin tunanin da ya gifta, ba hukuncin alƙali ba.

Ina ganin wannan hanya tana da wata ƙofa ta musamman ga maza masu salon aiki. Ba a buƙatar mutum ya zauna gaban baƙo ya zazzage cikinsa tun ranar farko. Atisaye ne mai lokaci da maimaici, wanda ake ƙwarewa a kansa a hankali, kuma wannan yare ne da ɗan ƙwallo, ko soja, ko direban babbar mota ya sani. Musulmi kuma zai ga kamanni da abin da ya riga ya sani na kushu'i, yadda hankali ke zillewa a tsakiyar salla a sake janyo shi ba tare da an fasa ba, ko da yake niyya da manufa sun bambanta, tun da ɗaya ibada ce ɗaya kuwa magani. Wanda asalin dabarar ya yi masa nauyi a rai yana da damar tambayar mai ba shi horo abin da ke ciki kafin ya shiga.

Sai dai dole a faɗi iyakar abin. Yawancin waɗanda aka yi wa rashi ba sa buƙatar asibiti, lokaci da dangi da addu'a suna isar su. Kimanin ɗaya cikin goma ne jimaminsu ke tsayawa cak, kamar yadda wani nazari na 2017 da ya tattara bincike da dama ya ƙiyasta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan jimami mai tsawo a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a Janairun 2022, da sharaɗin ya wuce wata shida, ya zarce abin da al'adar mutum ta saba, ya kuma hana shi gudanar da rayuwa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta bi sahu a Maris na shekarar, amma ta ɗora nata ma'aunin a kan wata 12 ga manya. Ga irin waɗannan, Richard Bryant da abokan aikinsa a Sidni ta Ostireliya sun gwada hanyoyin biyu kai da kai, suka wallafa sakamakon a 2024. Mutum 100 aka raba gida biyu, kowa ya yi zama 11 na minti 90, rabi a kan halarto da hankali, rabi a kan maganin da ke sa mutum ya koma kan labarin mutuwar kanta ya faɗe shi dalla dalla ya kuma gyara tunanin da ya maƙale a kai. Duka ɓangarorin sun sami sauƙi, amma bayan wata shida na biyun sun fi samun raguwar alamomin jimami. Mafi yawan waɗanda suka shiga gwajin kuma mata ne, kamar yadda aka saba gani a binciken makoki, domin maza ba sa zuwa. Saboda haka hujjar da ake da ita a kan maza kaɗai siririya ce, kuma wanda ya sayar da wannan horo a matsayin maganin jimami kacokan ya wuce gona da iri.

Akwai kuma lokacin da bai dace ba. Wanda ke cikin makonnin farko na rashi, ko wanda ya ga mutuwar da idonsa a hatsari ko hari kuma hoton na dawo masa, rufe ido a zauna shiru na minti 45 na iya tayar masa da abin da ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba. Ƙwararru kan fara da irin wannan da gajeren zama, ido a buɗe, ko tafiya a hankali ana lura da tafin ƙafa. Wanda shan giya ko ƙwaya ya riga ya kama shi, ko yake jin rayuwa ta ishe shi, likita yake buƙata tun farko. Kuma namijin da ya ƙware a gudu yana iya mayar da atisayen numfashi wata sabuwar maɓoya, ya riƙa kwantar da kansa da shi duk lokacin da yaro ya ambaci uwarsa, maimakon ya amsa wa yaron.

Rashi bai ƙyale Ferdinand haka nan ba. A Yulin 2017, wata huɗu bayan nuna shirin, mahaifiyarsa, wadda ta taya shi riƙon yaran, ta rasu tana da shekara 58, ita ma sankara ce. A Satumba ya ba da sanarwar zai shiga damben zamani yana dab da cika shekara 39, ya ce horon yana ba shi inda zai zuba fushi da abin da ke cin ransa, amma a Mayun 2018 hukumar dambe ta Birtaniya ta ƙi ba shi lasisi, ya haƙura. A shekarar ne shirin na BBC ya ci lambar yabo ta BAFTA, wadda ake bai wa fina-finai da shirye-shiryen talabijin a Birtaniya, kuma da ya hau karɓa muryarsa na rawa a gaban jama'a, bai ɓoye ba. Ya sake aure a Satumban 2019 a ƙasar Turkiyya, yaran uku suna wurin.